Direbobi biyu gwanaye a gareji guda, riba ce ko neman rigima?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Manyanmu da kunka daɗe kuna bin tseren mota na Formula 1 ina da tambaya, don Allah a yi mani bayani dalla-dalla. Mi ya sa duk sanda kamfani guda ya haɗa direbobi biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya sai an ƙare da gaba? Albashinsu wuri guda yake fitowa, riga iri guda, mota iri guda, makanikansu tare suke cin abinci, amma ranar Lahadi sai ka ga kamar ba su taɓa sanin juna ba. Ko a dambe da ake zubar da jini galibi ba a haɗa ɗan Arewa da ɗan Arewa, sai dai a nemo mashi na Kudu ko na Guramada, to su waɗanga mi ya hana su haɗa kai su fuskanci na waje?

Abin da ya tado mani da maganar shi ne kakar 2025. McLaren ta fi kowa mota, Norris ya ci tsere 7 Piastri ya ci 7, amma saura ƙiris Verstappen na kamfanin Red Bull ya ƙwace kambun, maki 2 kacal sunka raba shi da Norris, 423 da 421, alhali bayan tseren Holand a ƙarshen Agusta yana bayan Piastri da maki 104. Ni a ganina da tun tsakiyar shekara sun zaɓi mutum guda sun ce kai ne na gaba ɗan uwanka ya tare maka baya, da ba a yi zaman ɗar-ɗar ɗin da anka yi a tseren ƙarshe na Abu Dhabi ba. Abokina da muke kallo tare a waya, don mai gidan kallon unguwarmu ba ya canza tasha in ana Firimiya, shi kuma ya ce in an yi haka an ci amanar ɗayan. Wanne ne daidai?

Kawu Bakanike, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka taɓo mani inda ka yi mani ƙaiƙayi, zauna ka ji.

Abu na hwarko da za ka gane, a wanga tsere kowane kamhwani shi ka ƙera motatai. In ɗan Ferrari yat tsere ma ɗan Williams, na Williams na iya cewa ai motarka ta hi tawa, kuma gaskiya tai, ba mai ganin laihinai. Mutum guda ɗai a duniya wanda in yat tsere maka ba ka da bakin magana, shi na wanda ka ajiye mota gehen taka cikin gareji guda. Injin guda, taya guda, mai guda. Kuma in sun sauka daga mota injiniyoyi na buɗe masu kwamfuta su jera layi biyu bisa allo, ga inda wanga yat taka birki ga inda wancan yat taka, ga inda yas sa totur wurin hita kwana, ba abin da ka ɓoyuwa. Kai da kash sha wahala kag gano wata dabara a kwana ta bakwai, kahin magariba ɗan uwanka ya gan ta bisa allo ya kwashe. To ka hwaɗa mani wane gwani na zai ji daɗin haka. Da shi aka auna ka, da shi aka yanke albashinka na baɗi.

Sannan wurin canjin taya guda na ga kowane kamhwani, makanikan canji su na dai, ba a iya canza ma mota biyu lokaci guda sai ɗaya ta jira. Wanda anka hwara kira yakan samu sabuwar taya shi hita da gudu shi sha gaban wanda yat tsaya bisa tsohuwa. In an ƙero sabon hihhike guda ɗai, wa za a ɗaura mawa? A Silverstone 2010 Red Bull ta cire sabon hihhiken gaba daga motar Webber ta ɗaura ma Vettel, kuma Webber yac ci tseren da zuciya cike da hushi.

Amma ni abin da nig gani tun dauri, gudu ba shi ka raba su ba. Abin da ka raba su alkawali na da anka yi cikin ɗaki sannan wani yaw warware shi bisa hanya. Ka duba duk manyan rigingimun za ka ishe haka.

Imola 1982, Ferrari, Gilles Villeneuve da Didier Pironi. Motocin Renault sun mutu, su biyu na gaba ba kowa kusa, kamhwani yaɗ ɗaga masu allo su rage gudu. Villeneuve yaɗ ɗauka ma'anar kowa shi tsaya matsayinai, Pironi yaw wuce shi a zagayen ƙarshe yac ci. Villeneuve yar rantse ba shi ƙara yi mai magana. Ba su kuwa ƙara yi ba, don kwana 13 bayan nan ranar 8 ga Mayu yam mutu a Zolder ta Beljiyam wurin neman gurbin tashi. Watan Agusta shi ma Pironi yay yi mummunan hatsari a Hockenheim ƙahwahunai sunka kakkarye, bai ƙara tseren Formula 1 ba.

Sai babbar, Senna da Prost a McLaren. 1988 motar nan mai injin Honda ta ci tsere 15 cikin 16, Senna 8 Prost 7. Abin mamaki in an tara makin shekara duka Prost ad da rinjaye, 105 da 94, amma dokar lokacin sakamako 11 mahi kyau ɗai aka ƙirgawa, sai Senna yaz zama zakara da 90 Prost 87. A Estoril Senna ya matse Prost har kusa ga bangon gareji suna cikin gudu, duk da haka sun ci gaba da gaisawa. Inda abin yal lalace Imola ta, 1989. Sun yi shiri tsakaninsu cewa wanda yah hwara tashi gaba ba a kai mai hari a kwanar hwarko. Berger yay yi hatsari motatai ta kama wuta, anka tsai da tsere anka sake tashi, Prost yat tashi gaba, Senna yaw wuce shi a kwanar Tosa. Senna yac ce shirin bai shahi wanga wuri ba, Prost yac ce an yaudare shi. Daga ranan magana ta ƙare, shugaban McLaren Ron Dennis ya yi iya yinai bai iya ɗinke ta ba.

Ƙarshen shekara a Suzuka ta Japan, Senna dole shi ci kahin shi ci gaba da sa rai. Prost na gaba, Senna yat tura hanci ciki a ƙaramar kwanar nan mai lanƙwasa biyu, Prost yar ruhe ƙohwa, motoci biyu sunka sarƙe sunka tsaya hanci da hanci. Prost yak kwance bel yah hita abinai. Senna yay yahuto masu tuta sunka tura shi, yab bi ta hanyar gehe, yash shiga anka canza mai hanci, yak koro Nannini yaw wuce shi yac ci tseren. Alƙalai sunka soke nasarar don ya tsallake kwanar, Prost yaz zama zakara yat tattara kayanai sai Ferrari. Shugaban hukumar lokacin Balestre Bahwaranshe na awa Prost, shi ya sa har gobe mutanen Senna ba su yarda da wanga hukunci ba. Baɗinta a wanga hili dai Senna yad daki Prost a kwanar hwarko duka sunka hita, kambu yaz zama nai, kuma bayan shekara guda da bakinai ya amsa cewa da niyya yaƙ ƙi ɗaga ƙahwa.

Ni ɗan Prost na tun lokacin, ban ɓoye ma kowa. Amma abin da yah hi taɓa ni, tseren ƙarshe na Prost a Adelaide 1993 Senna yaj jawo shi da hannu bisa matakin wanda yac ci sunka tsaya tare. Daga nan sunka koma waya da juna. Ranar 1 ga Mayu 1994 Senna yam mutu a Imola, Prost na cikin waɗanda sunka ɗauki akwatin gawatai a Barazil.

'Yar Arkilla:

Kawu sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru sosai. Amma ka yi haƙuri ni ina bayan ƙanena mai tambaya, kuma dalilina lissafi ne ba son rai ba. Maki ba ya ƙaruwa don kuna da gwanaye biyu, rabuwa yake. Yau wannan ya ɗauki 25 gobe wancan ya ɗauka, shi kuwa na waje da kamfaninsa ya tsaya masa shi kaɗai yana ta tarawa a aljihu guda.

1986 Williams ce ke da mota, Mansell ya ci 5 Piquet ya ci 4, tsere 9 cikin 16 ke nan, ga shi mai kamfanin Frank Williams ya yi hatsarin mota a farkon shekarar yana jinya, babu mai tsawatarwa yadda ya kamata, kowa da ɓangarensa a garejin. Ranar ƙarshe a Adelaide tayar Mansell ta baya ta fashe yana tsakar gudu, kamfani ya tsorata ya kira Piquet ya canza nasa tayoyin, Prost da motar da ba ta kai tasu ba ya wuce ya ɗauke kambu. Prost 72, Mansell 70, Piquet 69. Maki biyu ko uku da ɗayansu ya bar wa ɗan uwansa a tsakiyar shekara sun isa.

2007 ta ma fi ciwo. Alonso ya zo McLaren yana zakaran duniya sau biyu a jere, yana ganin shi ne mai gida, aka haɗa shi da yaro sabon shiga Hamilton, yaron kuma ya ƙi zama yaro. A Hangari ranar Asabar aka ce wa Hamilton ya bar Alonso ya wuce a farkon zagayen neman gurbi ya ƙi, Alonso kuma da ya shigo canjin taya sai ya ƙi tashi daga wurin, ya yi zamansa Hamilton na jira a bayansa har lokaci ya ƙure bai samu yin zagayen ƙarshe ba. Alƙalai suka mayar da Alonso baya gurbi 5. A nan Kawu maganarka ta alkawari ta fito, na yarda. Amma duba ƙarshen, Hamilton 109, Alonso 109, kowa ya ci tsere 4, Raikkonen na Ferrari da ke baya da maki 17 saura tsere biyu ya zo ya ɗauke da 110. Ga tarar dala miliyan 100 da aka ci McLaren a shekarar saboda takardun sirrin Ferrari da aka samu a hannun ma'aikacinsu, aka kuma share makinsu na kamfani. Alonso shekara ɗaya ya yi ya koma Renault. A gasar ƙarshe ta Barazil ɗin nan Massa, abokin garejin Raikkonen, shi ne ya tashi a gaba a gidansu, amma Raikkonen ne ya ci, don Ferrari ta san wanda take so ya ɗauki kambu.

Har 2025 da ake yabon McLaren da adalci, a Monza canjin tayar Norris ya yi jinkiri Piastri ya wuce shi, aka ce wa Piastri ya mayar da matsayin ya mayar. Bambancin na biyu da na uku maki 3 ne, Norris kuma da maki 2 ya tsira daga Verstappen. Ku lissafa da kanku. Umarnin kamfanin da mutane suka yi ta zagi shi ne ya tsare kambun a gidan. Akwai ma'aikata ɗaruruwa a masana'anta da ba a nuna su a talabijin, wasu kwana suke kan aiki, ba daidai ba ne wahalarsu ta tafi a banza don mutum biyu sun ƙi jituwa.

Na Gawon Nama:

Yaya ina girmama lissafinki amma ban yarda ba ko kaɗan. Mu masu kallo mi munka zauna gani? In tun ranar Juma'a an san wanda zai ci tsakanin su biyu to mi ya rage?

Ki tuna Ferrari a Ostiriya 2002. Barrichello ya fi Schumacher gudu duk ƙarshen makon, shi ya tashi gaba shi ya ja tseren, tsere na shida kacal a shekara kuma Schumacher ya riga ya ba kowa rata mai nisa a maki, ba wata barazana. Anka matsa mashi ta rediyo, ya ɗaga ƙafa 'yan mitoci kafin layin ƙarshe Schumacher ya wuce. Jama'a sunka yi ta ihu, Schumacher da kanshi kunya ta kama shi ya tura Barrichello kan matakin farko ya miƙa mashi kofin, anka ci su tarar dala miliyan 1 kan ɓata tsarin bikin, daga nan hukuma ta haramta irin wannan umarni. Haramcin bai hana komai ba sai dai ya koya masu magana a dunƙule. Jamus 2010 anka gaya wa Massa ta rediyo cewa Alonso, da lokacin suke tare a Ferrari, ya fi shi gudu, ya gane nufin ya kauce. Ranar shekara guda ke nan cif da ƙarfe ya dake shi a kai a Hangari ya kusa mutuwa. Mutum ya dawo daga bakin kabari yana gaba zai ci tsere, a ce ya ba da hanya. Wallahi ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Tarar dala 100,000 anka ci Ferrari, sannan daga 2011 anka cire dokar baki ɗaya.

Ki kwatanta da Bahrain 2014, Hamilton da Rosberg cikin dare ƙarƙashin fitilu, zagaye goman ƙarshe suna musayar wuri taya na kusan gogar taya, wannan ya shiga ciki wancan ya dawo ta waje, ba wanda ya taɓa wani, sunka sauka suna dariya suna kokawar wasa. Mercedes ta fi kowa nesa ba kusa ba a shekarun nan, da sun naɗa na ɗaya da na biyu da shekara uku mun yi muna barci gaban allo. Albarkacin sun bar su su kara ne ya sa har yau ake maganar lokacin.

Sannan wa za a zaɓa? Ƙanena ka ce a zaɓa tun tsakiyar 2025, to a lokacin Piastri ke gaba, da shi za a naɗa, Norris da ya zo ya ci daga baya da an danne mashi haƙƙi ke nan ba wanda zai taɓa sani.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai Kawu, na gode Yaya, na gode babban yaya. Maganar ƙarshen nan ta wa za a zaɓa ta tsaya mani a rai gaskiya. Amma Hamilton da Rosberg ɗin da ka kawo ai su ma ba a wanye lafiya ba, na ji an ce tun suna yara abokai ne. Wani ya ba mu labarin yadda anka yi, don ni lokacin ban fara kallo ba.

Maman 'Yan Biyu, Minanata:

Ƙanena wannan kam a gabana aka yi, ni da maigidana ba mu bar ko tsere guda ba a 2016, in an ɗauke wuta a tada janareta. Gaskiya ne tun suna 'yan shekara 14 zuwa 15 suke tare a tseren ƙananan motoci, ƙungiya guda, ɗakin otal guda suke kwana. Rosberg ɗan gata ne, babansa Keke zakaran duniya ne na 1982, a Monako ya tashi. Hamilton kuma babansa ayyuka barkatai ya riƙa haɗawa don ya biya masa kuɗin tsere. Suka haɗu a Mercedes 2013 ana murna abokai sun samu juna, kuma shekarar lafiya lau aka yi don motar ba ta kai ta cin kambu ba. Da motar ta zama ta ɗaya a 2014 sai komai ya canza.

Monako ranar Asabar Rosberg na riƙe da lokaci mafi kyau, a zagayen ƙarshe ya zarce ta hanyar gefe a kwanar Mirabeau, aka ɗaga tutar rawaya, Hamilton da ke bayansa dole ya rage gudu. Alƙalai sun ce babu laifi, Hamilton bai yarda ba. Beljiyam zagaye na biyu fiffiken Rosberg ya yanka tayar Hamilton ta baya ta yi faci. 2016 a Sifaniya ko zagaye ɗaya ba su gama ba suka kwashi juna duka biyu suka ƙare cikin tsakuwa, ranar ce Verstappen yana ɗan shekara 18 ya ci tserensa na farko, kuma shi ne fitowarsa ta farko a motar Red Bull. Ostiriya zagayen ƙarshe suka sake gwabzawa. Shugabannin Mercedes Toto Wolff da marigayi Niki Lauda sun gaji har suka yi barazanar ajiye su. Dama tun farkon shekarar an yi musayar wasu makanikai tsakanin ɓangarorin biyu saboda garejin ya riga ya rabu gida biyu.

Abin da nake so ka gane shi ne abin da wannan ya ci wa Rosberg. Shekara biyu a jere Hamilton na doke shi, sai ya mayar da rayuwarsa kaf kan abu guda. Da bakinsa ya faɗa cewa ya daina hawan keke a hutun tsakiyar shekara don naman ƙafarsa ya ragu ya rage nauyi, ya sa aka kankare fentin hular kwanonsa don wasu 'yan giram, matarsa ta ɗauke masa duk hidimar jaririyarsu don ya samu barci. Ga sa'a ta taimaka, a Maleshiya injin Hamilton ya kama wuta yana gaba. Ranar ƙarshe a Abu Dhabi Hamilton yana gaba sai ya riƙa rage gudu da gangan don Vettel da Verstappen su cimma Rosberg su wuce shi, kamfani na ta roƙonsa ta rediyo ya ƙara gudu ya ƙi. Ni ranar tsaye na gama kallo, hannuna na rawa. Rosberg ya riƙe na biyu, ya ci kambu da 385 Hamilton 380, duk da Hamilton ya fi shi cin tsere 10 da 9. Kwana 5 bayan nan a Viyana ya ce ya yi ritaya, yana da shekara 31, da kwantiragi a hannunsa da mota mafi kyau a duniya. Mutane sun ce tsoro ne. Ni ban ga tsoro ba, na ga mutumin da ya san nawa ya biya kuma ya san ba shi da irinsa da zai sake biya.

Mercedes kuma ta koyi darasi ta ɗauko Bottas, gida ya yi shiru, Hamilton ya ci huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020. Yaya 'Yar Arkilla za ta ce kun gani, ni kuma in an tambaye ni wace shekara na fi tunawa 2016 zan ce.

Sarkin Kabu-kabu:

Salamu alaikum, ku yi mani uzuri in shigo da namu na masu ƙafa biyu don abin ba a mota kaɗai yake ba. A MotoGP Yamaha ta kawo Lorenzo 2008 ta haɗa shi da Rossi, anka kafa bango a tsakiyar garejin. Dalilin da anka bayar shi ne Rossi na hawa tayar Bridgestone Lorenzo na Michelin kada sirri ya tsallaka, to 2009 kowa ya koma taya iri guda amma bangon yana nan ba a cire ba, kun ga ashe ba taya ba ce. Rossi ya karye a ƙafa a Mugello 2010, Lorenzo ya ci kambu, Rossi ya yi fushi ya tafi Ducati ya yi shekara biyu bai ci ko tsere guda ba, ya dawo Yamaha 2013 ya sake zama da mutumin da ya gudu don shi. 2015 Rossi ya ja maki kusan duk shekara, rigimarshi da Marquez a Sepang ta sa anka tashe shi daga can baya a Valencia, ya yi ta yanka cikin mutane har ya zo na huɗu amma Lorenzo ya ci da maki 5. Ni na Rossi ne har gobe, lamba 46 na manne a bayan mashin ɗina, amma gaskiya ɗaya ce Lorenzo shi ya tilasta mashi ya ƙara ƙwazo yana da shekara 36. Ni dai ina ganin gwani in ba a ajiye mashi wani gwanin kusa ba yakan yi sanyi.

Kawu Bakanike, Runjin Sambo:

Madalla da ku duka. Ɗiyata 'Yar Arkilla lissahinki daidai na ban musa ba, amma ki lura da abin da yas sa na Monza yay yi aiki. Tun hwarkon shekara anka zaunar da yaran anka hwaɗa masu ƙa'ida, kuma anka riƙe ta ga kowa. A Kanada Norris yad daki bayan Piastri yash shiga bango, kahin shi hita daga mota yac ce ta rediyo laihinai na, kuma yat tai yas same shi yab ba shi haƙuri. Wanga shi na abin da Pironi bai yi ba, Vettel ma bai yi ba a Maleshiya 2013 da anka ce shi tsaya bayan Webber yaƙ ƙi, yab ba da haƙuri ranar, bayan makonni kaɗan kuma yac ce in an sake zai sake. Webber ƙarshen shekarar yab bar Formula 1, kuma a kakar 2025 shi na manajan Piastri, don haka ba wanda zai koya mai yadda aka danne direba na biyu.

Akwai kuma wanda ba a umurta ba yay yi da kainai. Monza 1956 motar Fangio ta lalace, lokacin doka ta yarda direba shi karɓi motar ɗan uwanai a raba maki. Peter Collins abokin garejinai matashi na, kuma shi ma yana da damar cin kambu ranar, yash shigo duba taya yag ga Fangio tsaye ba mota, yas sauka yam miƙa mai tashi. Fangio yaz zama zakara. Collins bai samu cin kambun ba har yam mutu a tseren Jamus 1958.

Ɗana mai tambaya, ka nemi Suzuka 1989 a YouTube ka kalli wanda anka ɗauka daga sama, ka tsai da hoton daidai inda Prost yah hwara karya sitiyari, ka duba ko ya kai wurin da yas saba karyawa a zagayen baya ko ya yi sauri. Sannan ka dawo ka hwaɗa mani wa kag ga ad da laihi, don ni da abokan aikina a gareji har yau ba mu daidaita kan wagga magana ba.